RIGAR LEFE TA ƘI SHIGA: ƘIBAR JEGO DA YADDA ZA KI RAGE TA KINA SHAYARWA

  

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Na ajiye alƙalamin ƙirƙira na ɗauko na gaskiya, domin akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajen suna da ɗakunan masu jego, ana yin ta ƙasa-ƙasa ana dariya, alhali kuwa wata tana can ƙuryar ɗaki tana kuka a kanta. Maganar ita ce ƙibar jego. Yarinya ta yi aure tana 'yar siririya kamar a busa ta ta faɗi, Allah ya ba ta ciki ta haihu lafiya, an yi suna an yi arba'in, ta koma ɗakinta ta buɗe akwatin lefe don ta yi wa maigida kwalliya, sai riga ta tsaya a ƙirji, siket ya tsaya a cinya. Daga nan hankali ya tashi.

A littafi da fim abin da sauƙi. Tauraruwa za ta haifi 'yan biyu, ranar suna ta fito cikin leshi da ƙirar kalangu, ciki a shafe kamar ba ita ta haihu ba. To wannan alƙalami ne ya haihu, ba mace ba. Mace mai jini da tsoka wata tara ta yi jikinta yana canzawa, kuma ba a kwana bakwai zai koma ba. Don haka na zauna da wata yayata ma'aikaciyar jinya wadda ta daɗe a ɗakin haihuwa, na yi mata tambayoyi har ta gaji da ni, na haɗa da abin da na karanta da wanda na gani da idona, na ce bari in kawo muku.

INA ƘIBAR TA FITO?

Da farko 'yar uwa ki sani ba laifi kika yi ba. Likitoci sun ce macen da nauyinta yake daidai kafin ciki, ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Kin ga ke nan ƙarin nauyin ma nema ake yi, shi ya sa duk ranar awo sai an ɗora ki a sikeli.

To ina waɗannan kilo suke tafiya? Jariri kansa wajen kilo 3 ne ko sama kaɗan. Mabiyiya ta haura rabin kilo. Ruwan faya da yaro yake kwance a ciki ya kusa lita ɗaya. Mahaifa, wadda da can ba ta wuce girman dunƙulen hannunki ba, takan kai kilo guda. Jinin jikinki ya ƙaru sosai, nono ya ciko, ruwa ya taru a jiki. Sauran kuwa kitse ne, kilo 3 ko 4, wanda Ubangiji cikin hikimarsa ya tanada a cinya da ƙugu da mazaunai, ajiya ce ta shayarwa, kamar yadda manomi yake cika rumbu kafin bazara.

Ranar da kika haihu kilo 5 zuwa 6 sun tafi nan take. A satin farko da na biyu kuma ruwan da ya taru yana fita ta fitsari da gumi, shi ya sa mai jego take jiƙa zanin gado da dare. Ita kuma mahaifa tana ɗaukar kamar sati 6 kafin ta koma mazauninta, kin ga ya yi daidai da arba'in ɗinmu. Ciwon marar nan da kike ji duk sanda yaro ya kama nono a kwanakin farko, mahaifar ce take tsukewa, tsotson da yake yi shi ke taimaka mata. Don haka tumbin da kike gani a satin suna ba duka kitse ba ne. Wadda ta tsaya gaban madubi ranar suna tana hawaye, wallahi ta yi gaggawa.

JEGO IRIN NAMU

Yanzu mu zo kan namu na gida. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, babu inda ake tattalin mai jego kamar ƙasar Hausa. Haihuwar fari a kai ki gida goyon ciki, ba ki shara ba ki wanke-wanke, naki ci da barci da ba da nono. Da asuba ruwan wanka ya tafasa da ganyen darbejiya ko runhu, kina fitowa kunun kanwa yana jiranki. Ga gasasshen nama da yajin jego, ga farfesun ƙafar saniya, ga tuwo da man shanu yana naso. Wannan gata ne, kuma hutun yana da amfani ƙwarai, domin jikin da ya zubar da jini ya sha wahalar naƙuda yana bukatar a gina shi.

Amma ku duba yadda zamani ya ƙara wa jegon kaya. Kakanninmu da suka sha kunu kwano-kwano, suna gama arba'in suka koma daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Mu kuwa injin niƙa ya karɓe turmi, ga shayi mai kauri an tuttula madara da Milo da sukari cokali uku, ga biredi, ga katan-katan ɗin lemo da maltina na 'yan barka a ƙarƙashin gado, ga cincin da dubulan da suka yi saura na suna. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Ci mana, ai ke yanzu cin mutum biyu za ki yi." Kina zaune wuri ɗaya waya a hannu har kwana arba'in, wata ma har wata uku. Yo ina ƙiba ba za ta zauna ba? Da yawa daga cikinmu ƙibar da muke kuka da ita ba ta ciki ba ce, a zaman jego muka tara ta.

Sai maganar kanwa, wadda na san wasu iyayen ba za su so jin ta ba, amma a yi min afuwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura ana yawan kawo musu masu jego da ciwon zuciya, jiki a kumbure, numfashi sama-sama. Suka danganta abin da yawan kanwa, wadda gishiri ne cike da ita mai riƙe ruwa a jiki, haɗe da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya, a 2020, wani binciken da aka yi a asibitocin Najeriya, wanda likitan zuciya na Kano Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta, ya nuna ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, kuma abubuwan da suka fi fitowa fili a matsayin haɗari sun haɗa da hawan jinin masu ciki da kuma rama, wato mace ta kasance nauyinta bai kai yadda ya kamata ba. Ku riƙe wannan kalmar ta ƙarshe da kyau, za mu dawo kanta. Abin da yayata ta ce min shi ne, duk wadda ta yi hawan jini ko kumburi da ciki, ta bar kanwa ta rage gishiri, ta sha kunun gyada ko na tsamiya. Ruwan wanka kuma a sirka shi, ba sai fata ta saluɓe ba.

ABIN DA YA SAMI ƘAWATA

Akwai wata ƙawata da muka yi sakandare tare, gadonta yana saman nawa a ɗakin kwana. Ba zan faɗi sunanta ba, ta dai ba ni izinin in ba da labarin. Muna gama jarrabawa aka yi mata aure, shekara na zagayowa ta haifi ɗanta namiji kyakkyawa. Ta yi jego a gidansu ta dawo ɗakinta ta yi ɓul-ɓul, fata tana sheƙi, ni da na gan ta cewa na yi jego ya karɓe ta.

Ashe maigidan ba haka ya gani ba. Da fari wasa-wasa yake yi, in ta wuce ya ce a buɗe ƙofa duka biyu Hajiya za ta fita. Rannan a gaban ƙannensa ya ce shi fa siririya ya aura, in an canza masa kaya zai koma kasuwa. Aka yi dariya aka tashi, ita kuwa maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Ku mata kun san abin da "komawa kasuwa" yake nufi, ba sai na fassara ba.

Sai ta shiga waya ta ci karo da masu tallar shayin rage teɓa, ga hoton "da" ga hoton "yanzu", wai kwana goma ciki zai shafe. Ta cire kuɗin barkarta ta saya. Ta daina karin kumallo, da rana ta ɗan taɓa, da dare sai shayin. Ta samo wata ɗamarar roba mai ƙarfuna ta tamke ciki tun safe har dare. Yaron a lokacin watansa biyu da 'yan kwanaki.

Sati biyu na farko murna take, siket ya fara shiga. Ba ta san ruwan jikinta ne yake tsiyayewa ba, don kullum tana hanyar banɗaki. A sati na uku jiri ya fara ɗibarta, in ta miƙe sai ta dafa bango. Ga gajiya, ga saurin fushi, yaro in ya yi kuka sai ta ji kamar ta bar gidan, ta fara taƙaita ba shi nonon saboda ba ta da ƙarfin zama da shi. Nono kuwa in ba a tsotsa ja da baya yake yi. Yaro ya shiga kukan dare, uwar miji ta ce nononta ne ba shi da kyau, a fara ɗura masa ruwa da koko. Ranar riga-kafi aka ɗora shi a sikeli, ma'aikaciyar ta dubi kati ta dubi uwar, ta ce layin yaron ya kwanta, me yake faruwa a gida? Kafin ta ba da amsa sai ga ta a ƙasa, ta yanke jiki ta faɗi a layi. Da aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, ruwan jikinta ya ƙone, sai da ta sha ƙarin ruwa.

Allah ya taƙaita, da taimakon ma'aikatan ta koma cin abinci, ta riƙa sa yaron a nono dare da rana har ruwan ya dawo. Amma kuɗin da aka kashe a magani da madarar gwangwani kafin nan, sun ɗinka mata sababbin kaya kala nawa daidai jikinta? Hausawa suna cewa garin neman ƙiba an samo rama, ita garin neman rama ta kusa rasa lafiyarta da ta ɗanta.

ME KE CIKIN SHAYIN?

Na tambayi yayata, ta ce yawancin irin waɗannan shayin ba komai ne a ciki ba illa ganyen da ke sa gudawa, dangin filasko da muka sani, wasu kuma da abin da ke sa yawan fitsari. Gudawa ba ta narkar da kitse. Ruwa take fitarwa, kina shan ruwa nauyin ya dawo. Mafi muni kuma, an sha kama wasu ƙwayoyi da shayin rage ƙiba a ƙasashe daban-daban, an rubuta "na gargajiya zalla" a kwali, amma da aka auna sai aka tarar an zuba musu wani magani mai suna sibutaramin a ɓoye, wanda tun 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki tuna magunguna da yawa in kin sha, wani kaso yana bi ta nono ya isa ga jariri. Duk abin da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a gora ba suna ba lambar NAFDAC, ki guje shi. Mai lambar ma, in dai kina shayarwa, kada ya shiga bakinki sai likita ya gani. Haka allurar rage ƙibar nan da ake yayi yanzu, ba ta mai shayarwa ba ce.

LISSAFIN NONO

Ga wani albishir. Jikin mai shayarwa yana haɗa nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita a kullum, kuma wannan aikin yana cin ƙarfin abinci kamar kalori 500. Kalori shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin da abinci yake ba jiki. Wato kina zaune da ɗanki a cinya, jikinki yana aikin da ya fi na wadda ta yi tafiyar awa guda a ƙasa. Wani ɓangare na ƙarfin daga abincinki yake fitowa, wani kuma daga rumbun nan na cinya da ƙugu. Shi ya sa aka ajiye shi tun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, ko ruwa ba ya bukata don kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, sannan a ci gaba da shayarwa haɗe da abinci har shekara 2, wanda ya yi daidai da shekara biyun da aka ambata a cikin Suratul Baƙara. Kin ga amfanin biyu ne, yaro ya ƙoshi, ke kuma ajiya tana raguwa.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wata tana shayarwa za ki ga ta zube kamar an tsotse ta, wata kuwa jikinta riƙe kitsen yake sai ta yaye sannan ya saki, domin shayarwa tana sa yunwa, rashin barci ma yana sa kwaɗayin zaƙi. Kada ki auna kanki da maƙwabciya ko matar wan miji.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, mace mai ƙiba in ta rage kamar rabin kilo a sati, wato kilo 2 a wata, ba ya taɓa girman jaririnta. Fiye da haka ne ake gudu. Sun kuma ce kada abincin mai shayarwa ya gaza kalori 1800 a rana, kuma kada a fara maganar ragewa sai an yi sati 6 zuwa 8, nono ya zauna sosai. Ki lissafa, kilo 2 a wata, kafin yaro ya yi wata takwas kin sauke kilo 10 ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

A RAGE ZAƘI DA MAIƘO, BA A RAGE TUWO BA

To me za ki yi? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka maganar ƙin cin abinci babu ita. Ki ci sau uku, ki ɗan taɓa wani abu a tsakani. Abin da za ki sa wa ido shi ne ɓarayin da ke shiga ba a ganinsu.

Na farko lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta 35cl tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9. Wace ce a cikinmu za ta iya zama ta kamfaci sukari cokali tara ta watsa a baki? Amma a kwalba sai mu shanye biyu muna hira. Maltina ma da ake cewa tana ƙara jini da nono, zaƙi ne ya fi yawa a cikinta. Zoɓo da kunun aya na gida sun fi, in ba a cika musu sukari ba.

Na biyu mai. Babban cokali ɗaya na man gyada ko man ja ko man shanu kalori 120 ne. Ki dubi miyar da mai yake iyo a samanta, ki dubi shinkafa da wake da ake kwarara wa mai har ya kwanta a gindin kwano. Ki riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Alale ya fi ƙosai, dafaffen ƙwai ya fi soyayye, farfesu da gashi sun fi suya, awara ma tana shiga miya ba tare da an soya ta ba.

Na uku shayin safe. Ki rage sukarin daga cokali uku zuwa ɗaya, a hankali harshenki zai saba.

Sai yadda za ki cika kwanonki. Rabi ya zama ganye da kayan lambu, Allah ya hore mana su da araha: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kabewa, kuɓewa, kabeji, karas. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli abinci ne na sarauta ga mai shayarwa. Kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, kuma tuwon dawa da gero da acha sun fi riƙe ciki a kan farar shinkafa da taliya da biredi. Ragowar kuma abin gina jiki: wake, kifi, ƙwai, nama, hanta, gyaɗa, kindirmo. Fura da nono ba laifi, sukarin ne za ki yi wa rowa. In kwaɗayi ya taso tsakanin azahar da la'asar, ga gwanda, ga kankana, ga gwaiba, ga lemon ɓawo, maimakon cincin da biskit.

Ruwa kuwa ki ajiye kofi kusa da ke, duk sanda za ki ba da nono ki sha. Ba sai kin ɗura wa kanki har ciki ya yi ƙulu-ƙulu ba, yawan ruwa ba ya ƙara nono. Abin da ke kawo nono shi ne yawan tsotso, sau 8 zuwa 12 a dare da yini ga ɗan jariri. Maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki a asibiti ki shanye shi, ba ya sa ƙiba. Masu ɗaukar azumin nafila don su rame kuma, ku ji tsoron Allah ku gyara niyya, azumin farilla ma shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi in tana tsoron cutuwa, ku tambayi malamai.

MOTSA JIKI A TSAKAR GIDA

Na san wata za ta ce, ni da ba na fita ina zan je motsa jiki? 'Yar uwa tsakar gidanki ta isa. Wadda ta haihu da kanta lafiya, tun kwanakin farko za ta iya ɗan zagayawa a hankali. Bayan arba'in ki goya ɗanki ki yi ta kai-komo daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, minti 10 da safe, 10 da yamma, ki riƙa ƙarawa har ya kai minti 30 a rana. Yaro ya yi barci, ke kin yi gumi. Shara, wanki, ɗan daka, duk suna cikin lissafi. In unguwa ce kusa, ki taka maimakon hawa adaidaita. Motsa jiki matsakaici ba ya ɓata nono, ki dai shayar kafin ki fara don ƙirji ya yi sauƙi. Wadda aka yi wa aiki kuwa, ko ta sami ƙari mai yawa aka yi mata ɗinki, ta jira sai likita ya duba ta ya ba ta izini, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi.

Akwai kuma wani sirri game da tumbi. Naman gaban ciki igiya biyu ne a jere, ciki yakan raba su, ga wasu matan ba sa haɗewa da wuri, sai cikin ya yi ta turowa ko babu kitse. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya. In kin ji rami da ya fi faɗin yatsa biyu bayan wata biyu da haihuwa, kada ki yi irin motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune, ƙara ɓata shi yake. Ki je asibiti sashen gashin ƙashi su koya miki wanda ya dace. Mai sauƙin da kowa za ta iya shi ne, ki saki numfashi a hankali kina jan cibiya ciki, ki ƙirga biyar ki saki. Haka nan ki riƙa matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, safe da rana da dare. Yana maganin ɗigar fitsari in an yi tari ko atishawa.

Ɗaurin ciki da zani irin na iyayenmu yana tallafar baya, yana sa mace ta ji daɗin tafiya, amma ba ya narkar da kitse ko na ƙwayar gero. In za ki ɗaura, ki bar wa numfashi hanya.

BA KOWACE ƘIBA CE ƘIBA BA

Nan ne nake so ku buɗe kunne. In mai jego ta ga ƙafafunta da fuskarta suna ƙara cika, in ta danna da yatsa wurin ya loma, tana haki daga ɗan motsi, ba ta iya kwanciya sai ta tara filo, ga tarin dare, to wannan ba jego ne ya karɓe ta ba. Ruwa ne yake taruwa, kuma yana iya zama ciwon zuciyar nan da na faɗa a baya. Haka ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jinin biƙi ya dawo da yawa, ko zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ba jiƙo ba hayaƙi, asibiti za a nufa a ranar.

Ita ma ramar ba abin so ba ce. Kun tuna binciken da ya nuna rama tana cikin abubuwan haɗari? In kina zubewa ba dalili, ko kullum kina cikin kuka da ƙunci ba kya son ko ɗaukar ɗanki, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya, akwai taimako. Yaro kuma ma'auninsa katin asibiti: in yana fitsari sau 6 ko fiye a rana, layinsa yana hawa, nauyinsa ya ninka na haihuwa wajen wata 5 zuwa 6, nononki yana isarsa, ko wa ya ce ba haka ba. Ki kuma yi shawara da maigida da asibiti kan tazara, domin kwanika ita ke sa ƙibar wannan haihuwa ta hau kan ta waccan, jiki bai huta ba.

SAƘO GA MASU LEƘEN MUJALLARMU

Na san maza suna karanta wannan shafin in mun ajiye, to ranka ya daɗe maigida ga naka. Cikin nan da kake yi wa dariya, ɗanka ne ya kwana a ciki wata tara. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya sa matarka ta kwana da yunwa ta sha abin da zai cuce ta. In kana son ta koma yadda take, ka canza cefane, maimakon katan ɗin lemo ka shigo da kifi da gwanda, ka karɓi yaron rabin awa ta samu ta runtsa, ka ɗinka mata kala biyu daidai jikinta na yanzu. Iyayenmu mata kuma, Allah ya ƙara girma, a ci gaba da gatan, a dai rage kanwa da ɗurar dole.

Ku kuma ƙannena 'yan aji biyar da shida masu ƙin cin abincin makaranta don a ce muku siririya, ku sani jikin da za ku yi ciki da shayarwa da shi yanzu kuke gina shi. In yayarku ta haihu, kada bakinku ya zama na farkon cewa "Anti kin zama ƙatuwa." Ku karɓar mata wankin ɗan, ku yi mata kwaɗon zogale.

Ke kuma mai jego, ki rufe akwatin lefen nan ki ba shi wata shida zuwa shekara. Wata rigar za ta shiga, wata kuwa ƙugun da ya buɗe ya buɗe ke nan, ki ba ƙanwarki ta sa albarka. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya, masu ciki ya sauke su lafiya, masu nema ya ba su masu albarka. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.